Rasit ɗin Talata da Alhamis

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a aji shida ya tsaya, magana kuma ta manya ce, ta ofis da kasafin kuɗi, ni kuwa zare da maɓallai nake sayarwa a kasuwa. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Maigidana, wanda ɗan sanda ne a caji ofis ɗin garinmu, shi ya ce in rubuta yadda abin ya faru kawai, ban da ado. Abin da ban gani da idona ba shi ya gani, domin duk inda Sufeton da ya binciki maganar ya sa ƙafa a kwanaki huɗun nan yana biye da shi. Zan kira shi Kofur, kamar yadda kowa ke kiransa.

Shekara biyu ke nan da aka rufe masaƙar garinmu. Mutum ɗari bakwai suka koma gida, harajin da masaƙar ke biya ya tsaya cak. Hukumar gari ta tsuke bakin aljihu. Aka rage ma'aikata, albashi ya riƙa makara, aka daina sayen sabuwar takarda. Har rasit ɗin haraji ma a bayan tsofaffin takardun ofis ake buga shi. Abin da ya rage wa gari shi ne kasuwa, rumfa ɗari huɗu, kowace tana biyan ɗari biyar a mako.

Ranar Litinin muka wayi gari da kwaɗon hukuma a rumfa ɗari da ashirin, har da tawa. Wai ba ma biyan haraji. Mutane suka kwashi rasit ɗinsu suka nufi ofishin gari suna ihu.

Ƙarfe goma sha ɗaya Ma'ajin gari ya shigo caji ofis da kundi a hammata. Siririn mutum ne mai tsohuwar riga wankakkiya. A gari ana ce masa Babu-a-Kasafi, domin ko ruwan sha ka nema a ofishinsa amsar ke nan.

"Sata aka yi mana, Sufeto."

"An fasa ofis ne?"

"Da an fasa da ya fi sauƙi. Da ɗan gari akan ci gari." Ya buɗe kundin. "'Yan kasuwa sun kawo rasit, amma lambobinsu babu su a rajista. Na jabu ne. Wata shida ana karɓar kuɗi da sunan hukuma, ba sa shiga asusu."

"Wa ke karɓar haraji a kasuwa?"

"Mutum ɗaya ya rage mana. Tsohon nan da suke kira Baba Rasit."

"Wa ke ba shi littafin rasit?"

"Akawu. Ita ke miƙa masa da safe, ita ke karɓar kuɗi da yamma. Ni hannuna ba ya taɓa littafi, jimla kawai ake kawo mini."

"Kana zargin tsohon ke nan."

"Ba na zargin kowa. Lissafi ne ke zarginsa."

Kofur ya ba shi takarda ya rubuta bayaninsa. Ya rubuta da ƙananan haruffa kamar jerin tururuwa, ya gama a rabin shafi. Sai ya ninke takardar, ya yage rabin da bai taɓa ba, ya miƙa wa Kofur.

"Wannan zai yi wa wani," in ji shi.

Kafin azahar an ɗauko Baba Rasit daga kasuwa. Da ƙyar aka fito da shi, domin labari ya riga 'yan sanda isa, mutanen da ya shekara talatin yana gaisawa da su suna ce masa ɓarawo. Shugaban caji ofis ya ce magana a fili take, ranar Juma'a a kai shi kotu.

Sufeto ya sa aka kawo shi ofishinsa, ya ba shi kujera.

"Baba, saura nawa ka yi ritaya?"

"Wata uku, ranka ya daɗe."

"Ka san in kotu ta same ka da laifi babu fansho?"

"Na sani. Da gidan yari a kai."

"Kana duba lambar littafi kafin ka karɓa?"

"Kullum. Ba na sa hannu sai na duba."

Sufeto ya tura masa rasit ɗaya a kan tebur. "Karanta mini lambar wannan."

Tsohon ya ɗauka, ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta shi, ya juya wajen taga. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye a hankali.

"Tun yaushe?" in ji Sufeto.

"Shekara biyu. Yanar ido ce ta rufe mini gani. Ina ganin mutum, ina ganin hanya, amma ƙaramin rubutu ya tafi."

"Da me kake aiki?"

"Kuɗin a buge yake, ɗari biyar. Lambar rumfa da kwanan wata nake rubutawa, manya-manya. Rumfunan kuwa ko a duhu na san su. Da muryar mutum nake sanin tasa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ranka ya daɗe, a lokacin da ake neman wanda za a rage? Da sun sallame ni da rabin fansho. Na ce bari in lallaɓa in kai gaɓa."

"Wa ke ba ka littafi?"

"Taga."

"Taga ba ta da hannu, Baba."

"To hannu ne ke miƙo mini. Tagar ƙarama ce, an rufe ta da katako saboda kuɗi, sai ɗan wurin miƙo abu. Wasu ranakun hannun yakan gaishe ni, ya tambayi gwiwata. Wasu ranakun ba ya magana. Nakan ce yarinyar nan yau an ɓata mata rai a gida."

Sufeto ya rubuta wannan. Da aka fita da tsohon ya dubi Kofur.

"Wanda ba ya ganin lamba, yaya zai je ya sa a buga masa ta jabu?"

"Sai dai in yana da mai gani, yallaɓai."

"Ko kuma mai gani ne ke da shi."

Ranar Talata suka shigo kasuwa da kwali, suna bi rumfa-rumfa suna karɓar rasit. Wannan na gani da idona, domin ina zaune a gaban kwaɗona. Da suka zo kaina Sufeto ya ce wa Kofur, "Ashe har gidanka abin ya taɓa." Na miƙa nawa ban ɗaga kai ba.

Daura da ni akwai tela, dattijo mai baki kamar reza. Shi ba a kulle tasa rumfar ba, amma ya fi waɗanda aka kulle surutu. Rasit ɗinsa a soke suke a doguwar ƙusa jikin bango.

"Sufeto, sannu da wahala," in ji shi, bai tsayar da kekensa ba. "Mu ai mun san dalilin kwaɗon nan. So suke a ce ba ma biya, sannan su ninka mana haraji a sabuwar shekara. Ɗari biyar ta koma dubu."

"Wa ya ce za a ninka?"

"Jaridata."

"Wace jarida?"

Tela ya zare rasit ɗaya daga ƙusa ya juya bayansa. "Wannan. Tun da suka fara buga mana rasit a bayan takardunsu na daina sayen labari. A nan na karanta cewa direban Magajin gari ya nemi taya huɗu an ba shi ɗaya. A nan na ga wasiƙar mai gadi yana roƙon fitila. Kyauta, kowane mako. Matsalar dai sai labari ya yi daɗi almakashi ya yanke shi."

Mutane suka yi dariya. Sufeto bai yi ba. Ya karɓi rasit ɗin ya karanta. Guntun shafi ne da aka buga da na'ura, ana iya ganin inda aka rubuta harajin rumfa, da dubu ɗaya a gabansa, da shekara mai zuwa.

"Yaushe aka ba ka wannan?"

"Mako uku da suka wuce. Na faɗa wa mutane suka ce tela ya fara zarewa."

"An taɓa sanar da wannan ƙarin a wani wuri?"

"In an sanar ai da ka ji kasuwa ta tashi tun ran nan."

Sufeto ya karɓi ƙusar gaba ɗaya.

"A dawo mini da ƙusata," tela ya ɗaga murya a bayansu. "Ita ma babu ta a kasafi!"

A caji ofis suka baje rasit a kan tebura biyu, suka zauna suna gwada lambobinsu da rajistar da Ma'aji ya bari. Na gaskiya a dama, na jabu a hagu. Na tela mai maganar dubu ɗaya a hagu ya faɗa. Da ido ba za ka bambanta su ba. Kofur ne ya fara lura, yana jera na hagu bisa kwanan wata.

"Yallaɓai, babu Litinin a nan. Babu Laraba, babu Juma'a."

Sufeto ya jawo kalanda. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk rasit ɗin jabu ranar Talata aka bayar da shi ko ranar Alhamis.

Da safiyar Laraba suka je ofishin gari. Akawun mace ce mai kimanin shekara arba'in, tana zaune a ɗan ɗaki bayan tagar katako. A gefenta akwai sikeli da tarin tsofaffin takardu a ɗaure.

"Kullum ke ce a tagar nan?"

"Kullum, ranka ya daɗe. Daga takwas zuwa huɗu."

"Har Talata da Alhamis?"

"Har su."

"Jiya Talata ce. Kofur ya leƙo ƙarfe biyu, ɗakin a kulle."

"Na ɗan fita ne."

"To shi ke nan. Tunda ke kaɗai ce a taga, ke kika miƙa wa tsohon littafin jabu, ke kika karɓi kuɗin. Kofur, a tafi da ita, sai su je kotu tare."

Ta riƙe bakin tebur. "Tsaya, don Allah. Talata da Alhamis ba na nan."

"Ina kike?"

"Kantin magani na ƙanin mijina. Ina yi masa lissafi yana biyana. Albashi ya daɗe yana makara, yanzu ma wata uku ba mu gan shi ba, ranka ya daɗe, 'ya'yana huɗu. In aka ji za a ce na bar aiki a kore ni."

"Wa ya ba ki izni?"

"Ma'aji. Shi ma ya kawo shawarar. Ya ce in je in nemi na abinci, shi zai riƙe mini taga, kada in gaya wa kowa. Na yi ta sa masa albarka."

"In kin dawo me kike tararwa?"

"Ya riga ya shigar da komai a rajista. Nakan ga kuɗin ranakun sun yi ƙasa, sai ya ce kasuwa ce ta mutu."

Sufeto ya nuna sikelin. "Wannan fa? Kina sayar da wani abu ne?"

"Na takarda ne. Dokar Ma'aji ce. Kowane ofis ya kawo tsofaffin takardunsa in auna in rubuta. In za a kai wajen mai buga rasit ma sai na auna na rubuta. Ko kilo ɗaya ya ɓace sai ya tambaye ni."

"An taɓa samun ya ɓace?"

"Ko sau ɗaya."

"Ba ni littafin awon."

Daga nan suka wuce shagon mai buga takardu, a bayan tashar mota. Mutumin ya fito yana goge tawada a hannu da tsumma.

"Ni abin da ya zo da takardar oda ta hukuma shi nake bugawa," in ji shi. "Ban san wani na jabu ba. Masu injin bugu ai suna da yawa."

Sufeto ya ajiye rasit biyu a kan injin. "Wannan na gaskiya, wannan na jabu. Dubi layin da ya zagaye su, kusurwar ƙasa ta hagu."

A duka biyun layin ya ɗan yanke a wuri ɗaya.

"Farantin bugunka ne ke da wannan tabon, ko na wani?"

Mai bugu ya zauna a kan kwalin takarda. "Ranka ya daɗe, wata bakwai ina bin hukuma bashi. Kullum babu a kasafi. Sai ga Ma'aji da kansa ran wata Asabar, da takardu a jaka da kuɗi a hannu. Ya ce littafin ajiya ne saboda ko-ta-kwana, takardar oda za ta biyo baya. Kai in kai ne za ka tsaya tambaya?"

"Sau nawa ya zo?"

"Duk wata. Har ragi yake nema. Na ce masa wata rana takardun da ya kawo ba za su isa ba, in cika da sabuwa. Ya ce a'a, sai mai rubutu a baya, kamar sauran. Ya koma ya ƙaro."

Da la'asar Sufeto ya nemi ganin Magajin gari. Ya same shi a ofis da fanka a kashe, yana fifita da fayil. Ya saurari komai har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Sufeto, shaidunka uku. Tsoho wanda ya ɓoye makanta, akawu mai gudun aiki, da mai bugu da ke jin haushinmu saboda bashi. Dukansu sun yi maka ƙarya da farko. Da su za ka kama mutumin da ya hana garin nan durƙushewa? Ba don shi ba da asibitinmu ma an rufe."

"Ba su kaɗai ba ne, ranka ya daɗe." Ya miƙa masa rasit ɗin tela, bayansa a sama.

Magajin gari ya daina fifita. "A ina ka samu wannan? Daftarin kasafin baɗi ne. Ko 'yan majalisa ba su gan shi ba, sai gobe za a gabatar."

"A jikin ƙusa, a kasuwa. Kwafi nawa aka buga?"

"Uku. Nawa, na Sakatare, na Ma'aji."

"Me ya sa za a ninka harajin?"

"Saboda kuɗin kasuwa ya faɗi. Muna son gina tashar manyan motoci a bakin hanya, ko gari ya samu abin yi bayan masaƙa. Sai mun zuba kasonmu kafin banki ya ba mu rance. Ma'aji ya ce babu wata hanya."

"Alfarma ɗaya nake nema. A zaman gobe ka ce kowa ya zo da kwafinsa."

Ranar Alhamis ƙarfe goma majalisa ta zauna a zauren sama. 'Yan majalisa tara, da Magajin gari, da Sakatare, da Ma'aji. Sufeto da Kofur suka shigo suka tsaya a ƙarshen tebur.

Magajin gari ya ajiye kwafinsa. Sakatare ya ajiye nasa. Kofur ya ƙirga shafukan, kowanne arba'in da biyu, babu wanda ya ɓace.

"Ma'aji, naka fa?" in ji Sufeto.

"Na gama gyara na ƙona shi. Takardar sirri ce."

"Ka ƙona?"

"Na ƙona."

"Shafi arba'in da biyu, bayansu fari tas?"

Wani ɗan majalisa ya tuntsire da dariya. "Shi? Mutumin da ya sa na biya kuɗin ambulan saboda na yage ta ta gefe?"

Sufeto ya buɗe fayil. Ya fito da rasit shida na jabu ya kife su a kan tebur, ya jera su gefe da gefe har bakinsu ya haɗu. Suka tashi shafi guda, shafi na tara na daftarin. A gefen shafin akwai rubutun hannu da jan biro, ƙanana kamar jerin tururuwa, inda aka soke ɗari bakwai da hamsin aka rubuta dubu. Sufeto ya ajiye rabin takardar bayanin da Ma'aji ya rubuta ranar Litinin kusa da shi.

"Rubutun wa ne wannan?"

Kowa a zauren ya san rubutun.

"Wataƙila wani ya ɗauka daga kwandon sharata," in ji Ma'aji. "Ba duka na ƙona ba. Ya shiga cikin takardun sito."

"Yanzu ka ce ka ƙona. Amma mu bi ta nan." Sufeto ya buɗe littafin awo. "Dokarka ce kowane ofis ya kawo tsohuwar takarda a auna. Ofishin Sakatare na nan duk mako. Na lafiya na nan. Na Magajin gari na nan. Ofishin Ma'aji bai kawo ko giram ɗaya ba tun wata shida. Ina takardunka ke tafiya?"

Ma'aji ya dubi littafin. Sufeto ya ci gaba.

"Dole rasit ɗin jabu ya zama da rubutu a baya, in ba haka ba kowa zai gane. Ba ka iya ɗiba daga sito ba, domin kai ka sa a riƙa aunawa. Sai ka riƙa tara naka. Watan jiya suka gaza, mai bugu ya ce ka ƙaro, ka koma ka ɗauko abin da ke kan teburinka. Mai bugu yana ƙasa, akawu ma tana ƙasa. In kira su?"

"Bar su," in ji Ma'aji. Ya cire tabarau ya ninke. "Na ɗauka babu mai karanta bayan rasit."

"Akwai tela ɗaya."

"Ina kuɗin?" Magajin gari ne ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Fili uku na saya, daura da inda za a gina tashar. Da sunan surukina. In aka fara gini kuɗinsu zai ninka sau biyar. Na yi niyyar in sayar in mayar wa asusu abin da na ɗauka."

"Ka ɗauki kuɗin kasuwa, ka zo ka ce mini kasuwa ba ta biya, ka sa na amince a ninka musu."

"Shekara ashirin da takwas ina gadin kuɗin garin nan, ranka ya daɗe. Gidan haya nake. Na ga waɗanda suka zo bayana sun gina benaye. Da masaƙa ta rufe na duba asusun fansho, na san abin da ke ciki, na san ba zai kai kaina ba."

"Tsohon fa?" in ji Sufeto. "Ka san ba ya gani?"

"Na taɓa ganinsa yana laluben biro, biron yana gabansa."

"Shi ya sa ka zaɓe shi."

"Ban yi zaton za a kai ga kulle rumfuna ba. Majalisa ce ta matsa. Da mutane suka zo da rasit dole in kawo ƙara kafin wani ya kawo."

"Gobe da an kai shi kotu."

"Na ɗauka za a duba tsufansa."

"Kai ka duba?"

Kofur ya zagaya ya sa masa ankwa. Da suka kai bakin ƙofa Ma'aji ya tsaya, ya ɗaga hannuwansa biyu a ɗaure ya kashe fitilar zauren.

"Rana ce," in ji shi. Suka sauka da shi.

A zaman nan majalisa ta jingine maganar ninka haraji, ta ce sai an ƙwato filayen an ga abin da ya dawo. Da la'asar aka bi rumfuna ana cire kwaɗo. Sufeto da kansa ya buɗe wa Baba Rasit ɗakin da aka tsare shi a caji ofis, ya gaya masa Magajin gari ya ce ya ƙarasa watanninsa uku, fanshonsa cikakke. Kofur ya ce tsohon bai yi godiya ba, bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai gobe ƙarfe nawa zai je taga.

Washegari Juma'a na buɗe rumfata da wuri. Wajen tara sai ga Baba Rasit ya shigo layinmu da littafi a hannu. Waɗanda suka ce masa ɓarawo ran Litinin kowa ya duƙufa a kan kayansa, har tela, sai kekensa kake ji. Tsohon ya tsaya a tsakiyar layi, babu wanda ya kira shi.

Na ce, "Baba, ga na makon nan."

Ya zo, na ƙirga masa kuɗin a hannu. Ya rubuta lambar rumfata manya-manya, ya yage ya ba ni. Na duba saman rasit ɗin na karanta masa da ƙarfi yadda zai ji.

"Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai."

Ya gyaɗa kai. "Haka akawu ta ce mini littafin ya fara. Madalla, 'yata."

Ya wuce rumfa ta gaba. Ina jin mai takalma yana karanta masa sha takwas, na juya na ci gaba da jera zarena.